BABI NA BIYU: TSATSAR JIKI DA MATSAYIN SINADARAN KARIYA A JIKIN MASU CUTAR KORONA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin cutar korona, tun daga ɓullarta a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na shekarar 2019, zuwa ranar 11 ga Maris, 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya, har zuwa ranar 5 ga Mayu, 2023 da hukumar ta janye matakin gaggawar da ta ɗora a kanta. A wannan babi kuwa za a duba ɓangare guda ne daga cikin abubuwan da ke faruwa a jikin majinyaci, watau karon da ake yi tsakanin sinadarai masu cin ƙwayoyin halittar jiki da kuma waɗanda ke kare su.

Tun a watannin farko na annobar likitoci suka lura cewa cutar ba ta yi wa mutane kamu ɗaya. Wani zai ɗauke ta ya warke ba tare da ya ma san ya ɗauka ba, wani kuwa cikin mako biyu sai an sa masa na'urar taimaka wa numfashi. Waɗanda ta fi kayarwa su ne tsofaffi da masu ciwon suga da masu hawan jini da masu ciwon zuciya da masu ƙiba. Da ma can an san cewa waɗannan rukunoni na mutane suna fama da raunin kariyar sinadarai a jikinsu, saboda haka masana da dama suka yi zaton cewa a nan sirrin yake. Wannan babi zai bi diddigin wannan zato, ya nuna inda awo ya gaskata shi, da kuma inda gwaji ya ƙi ba shi goyon baya. Ra'ayin mai wannan nazari shi ne, ƙarancin sinadaran kariya a jinin masu tsananin cutar tabbataccen abu ne, amma tabbatarsa ba ta isa hujjar cewa ɗura wa majinyaci waɗannan sinadarai zai warkar da shi ba.

2.1 Ma'anar Tsatsar Jiki

Duk wanda ya bar fartanya a waje damina ta wuce a kanta ya san tsatsa. Haka kuma wanda ya fasa farin goro ya ajiye shi ya ga yadda yake rinewa, ko ya bar man gyaɗa ya daɗe har ya canza wari da ɗanɗano, ya ga aikin abu guda, watau iskar oksijin ce ke haɗuwa da waɗannan abubuwa tana sauya su. A ilmin sinadarai ana bayyana wannan da cewa wani sinadari ne ke fizge ilektiron daga jikin wani. Da wannan kamanni ne aka zaɓi kalmar "tsatsar jiki" a wannan kundi, domin fassara yanayin da irin wannan fizge-fizge ya yi yawa a cikin jikin ɗan Adam har ya fi ƙarfin kariyarsa.

Oksijin shi ne kimanin kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa, kuma da shi ƙwayoyin halitta ke ƙona abinci su sami ƙarfi. Ana wannan ƙuna ne a wasu ƙananan sassa na cikin ƙwayar halitta da ake kira maitokondiriya. Mafi yawan oksijin ɗin da ya shiga nan ruwa yake komawa, amma wani ɗan kaɗan yakan kuɓuce ɗauke da ilektiron guda wanda ba shi da abokin zama. Irin wannan sinadari mai gwauron ilektiron ba ya iya zama wuri ɗaya, duk abin da ya ci karo da shi sai ya fizge masa ilektiron, shi kuma wanda aka fizge wa ya juya ya fizgi na maƙwabcinsa, a haka ɓarnar ke yaɗuwa. Waɗannan su za a riƙa kira "sakakkun sinadarai" a nan. Na farkonsu shi ne sufa'oksaid. Daga gare shi ake samun haidirojin feroksaid, wanda shi kansa ba gwauro ba ne amma yana ratsa bangon ƙwayar halitta cikin sauƙi, kuma idan ya haɗu da sinadarin ƙarfe da ke yawo a sake sai ya haifar da haidiroksil, wanda ya fi su duka ɓarna. Wannan haɗuwa ta ƙarfe da feroksaid ana danganta ta ga H.J.H. Fenton, wanda ya bayyana ta a shekarar 1894.

Abubuwa uku ne sakakkun sinadarai suka fi lalatawa: kitsen da aka gina bangon ƙwayoyin halitta da shi, da furotin, da kuma sinadarin gado na DNA. Gerschman da abokan aikinta (1954) ne suka fara nuna cewa gubar oksijin da ɓarnar hasken hoton ƙashi hanya ɗaya suke bi, watau ta sakakkun sinadarai. Harman (1956) ya danganta tsufa da taruwar wannan ɓarna. Shi kuwa Sies (1985), wani Bajamushe masanin sinadaran jiki, shi ya tsayar da ma'anar da ake amfani da ita har yau, inda ya bayyana tsatsar jiki da cewa gocewar ma'auni ce tsakanin masu ci da masu karewa, ta yadda masu cin suka yi rinjaye.

Sai dai fa kada a ɗauka sakakkun sinadarai ba su da wani amfani. Fararen ƙwayoyin jini da gangan suke ƙera su domin kashe ƙwayoyin cuta, ta hanyar wani inzayim da ake kira NADPH oksides. Akwai wata cutar gado da ake haihuwar yara da ita ba tare da wannan inzayim yana aiki ba, kuma irin waɗannan yara ba sa rabuwa da maruru da ciwon huhu da sauran cututtuka masu maimaituwa. Har ila yau ƙwayoyin halitta na amfani da ɗan ƙaramin adadi na haidirojin feroksaid wajen aika wa juna saƙo. Ashe ke nan abin da jiki ke bukata shi ne daidaito. Za a sake komawa ga wannan batu a sashe na 2.6, domin a kansa wasu gwaje-gwajen magani suka yi tuntuɓe.

2.2 Sinadaran Kariya

Kariyar jiki iri biyu ce. Akwai wadda jiki ke ƙerawa da kansa, akwai kuma wadda yake samu daga abinci.

A rukuni na farko akwai inzayim ɗin da ake taƙaita sunansa da SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a shekarar 1969. Aikinsa shi ne mayar da sufa'oksaid haidirojin feroksaid. Wani nau'insa yana bukatar sinadaran jan ƙarfe da zink, wanda ke cikin maitokondiriya kuma manganis yake bukata. Daga nan sai katales da gulutatayon feroksides su karɓi feroksaid ɗin su mayar da shi ruwa. Shi gulutatayon feroksides ba ya aiki sai da sinadarin seleniyom, kamar yadda aka tabbatar a shekarar 1973.

Gulutatayon kansa ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne mafi yawa a cikin ƙananan sinadaran kariya da ke cikin ƙwayar halitta. Jiki na haɗa shi daga amino asid guda uku: gulutamet da sistin da gilaisin. Idan ya ba da ilektiron ɗinsa ya kashe sakakken sinadari, sai ya zama ƙonanne, kuma ba zai sake amfani ba sai an farfaɗo da shi da sinadarin NADPH. Saboda haka idan aka auna yawan rayayyen gulutatayon aka kwatanta da ƙonanne, ana iya gane halin da ƙwayar halitta ke ciki. Ruwan da ke shafe a cikin huhu yana ɗauke da gulutatayon da ya ninka na ruwan jini fiye da sau 100, kuma wannan ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa huhu ne gaɓar da ke fuskantar iska kai tsaye.

A rukuni na biyu akwai bitamin C da bitamin E da sinadaran da jiki ke mayarwa bitamin A. Bitamin E a cikin kitsen bangon ƙwayar halitta yake zaune, inda yake katse yaɗuwar ɓarna, bitamin C kuma yana cikin ruwan jiki yana farfaɗo da bitamin E idan ya ƙone. Akuya da saniya da kare duk suna ƙera bitamin C a hantarsu, amma ɗan Adam ba ya iyawa, dole sai ya ci a goba ko lemo ko garin 'ya'yan kuka ko ɗanyen ganye. Wannan ya sa nasa ke saurin ƙarewa idan ciwo ya kwantar da shi ya daina cin abinci.

2.3 Yadda Cutar Korona Ke Hura Wutar Tsatsa

Ƙwayar bairos mai haddasa cutar, wadda aka raɗa wa suna SARS-CoV-2, tana shiga ƙwayar halitta ne ta hanyar maƙale wa wani furotin mai suna ACE2 da ke jikin ƙwayoyin hanci da huhu da hanji da hanyoyin jini. Shi wannan furotin yana da aikinsa na asali, watau rage wani sinadari da ake kira anjiyotensin II, wanda ke matse hanyoyin jini ya ɗaga bugun jini, yana kuma tayar da inzayim ɗin NADPH oksides. Kuba da abokan aikinsa (2005), a nazarinsu kan bairos ɗin SARS na farko, sun nuna a jikin ɓeraye cewa maƙalewar bairos tana rage yawan ACE2 a huhu, raunin huhun kuma ya ƙaru. Daga nan aka gina zaton cewa a korona ma haka abin yake: ACE2 ya ragu, anjiyotensin II ya taru, sufa'oksaid ya yawaita. Ya kamata a faɗi cewa awon anjiyotensin II a jinin masu korona bai zo bai ɗaya ba, wasu masu bincike sun same shi ya hau, wasu ba su samu ba. Amma tashin NADPH oksides kansa, Violi da abokan aikinsa (2020) sun auna shi a majinyata a birnin Rum na ƙasar Italiya, suka tarar ya fi tashi ga waɗanda aka kai sashen masu tsananin jinya da waɗanda jininsu ya daskare a jijiya.

Hanya ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfin shaida, ita ce ta fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil. A mai tsananin korona adadinsu yakan hau, na limfosait kuma ya sauka, har likitoci suka riƙa amfani da wannan bambanci wajen hasashen wanda ciwonsa zai tsananta. Idan nutrofil suka yi cincirindo a huhu sukan zubar da sakakkun sinadarai babu ƙaƙƙautawa, wasunsu ma sukan fashe su watsa zaren DNA ɗinsu kamar komar kamun kifi. Brinkmann da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan koma a birnin Balin a shekarar 2004, kuma a shekarar 2020 an sami alamunta da yawa a jinin masu korona. Tana kama ƙwayoyin cuta, amma tana kuma kama ƙwayoyin daskarar da jini, ta toshe ƙananan jijiyoyi.

A nan ne tsatsar jiki ke haɗuwa da daskarewar jini. Fatar cikin hanyoyin jini tana fitar da sinadarin naitirik oksaid, wanda ke saki jijiya ya kuma hana jini kamewa. Sufa'oksaid yana cafke wannan sinadari nan take, su biyun su zama feroksinaitirait, wanda shi ma mai ɓarna ne. Asara biyu ke nan a lokaci guda. Ackermann da abokan aikinsa (2020) sun binciki huhun mutum 7 da korona ta kashe, suka kwatanta da na mutum 7 da mura mai tsanani ta kashe, suka tarar ƙananan gudajen jini a jijiyoyin huhun masu korona sun ninka na masu murar sau 9.

Bugu da ƙari, sinadarin feritin, wanda shi ne rumbun ajiyar ƙarfe a jiki, yakan hau ƙwarai a masu tsananin cutar, abin da ke nuna rikicewar sarrafa ƙarfe da yiwuwar aukuwar haɗuwar nan ta Fenton. Sa'annan akwai wani furotin mai suna Nrf2, wanda shi ke ba ƙwayar halitta umarnin ƙera sinadaran kariya idan tsatsa ta taso. Olagnier da abokan aikinsa (2020) a ƙasar Denmak sun nuna cewa a huhun masu korona wannan umarni a danne yake. Ko oksijin ɗin da ake ba majinyaci domin ceton ransa, idan ya yi yawa ya kuma daɗe, yana ƙara haifar da sakakkun sinadarai a huhu, ko da yake babu likitan da zai hana mai shaƙewa iska saboda wannan.

2.4 Abin da Aka Auna a Jinin Majinyata

Sakakkun sinadarai ba sa daɗewa balle a kama su a kwalba. Haidiroksil, alal misali, ba ya kai ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Saboda haka sawunsu ake bi. Idan sun ci kitse sukan bar malondayaldihaid da aisofurostan, idan sun ci DNA sukan bar wani sinadari da ake taƙaitawa da 8-OHdG, wanda ke fita har a fitsari. A ɗaya ɓangaren kuma sai a auna sinadaran kariyar da suka rage.

Chiscano-Camón da abokan aikinsa (2020) a birnin Basalona na ƙasar Sifen sun auna bitamin C a jinin majinyata 18 da korona ta yi wa huhu mummunan rauni. A cikin 17 daga cikinsu na'urar ba ta iya gano bitamin ɗin ba sam, na ɗayan kuma ƙasa yake da ƙima. Wannan sakamako ya ja hankali ƙwarai, domin irin wannan ƙaranci a masu cutar zubar jinin dasashi aka san shi.

Game da gulutatayon kuwa, Polonikov (2020), wani masani a birnin Kursk na ƙasar Rasha, ya gabatar da ra'ayin cewa ƙarancinsa ne babban dalilin tsanantar cutar da mutuwa. Ra'ayi ne ya gina a kan hujjojin da aka riga aka sani da kuma majinyata ƙalilan. Daga baya Kumar da abokan aikinsa, a birnin Hustan na Amurka, suka auna majinyata 60 da aka kwantar a asibiti, suka kwatanta su da masu lafiya 24. Sun tarar gulutatayon ɗin cikin jajayen ƙwayoyin jinin majinyatan ya ragu ƙwarai, alamun tsatsa kuma sun hau, har ma ga matasa waɗanda bisa al'ada ba a tsammanin haka a jikinsu.

Labarin seleniyom ya fi waɗannan tsawon tarihi. A gundumar Keshan ta lardin Heilongjiang da ke arewa maso gabashin Sin, inda ƙasar noma ba ta da seleniyom, an daɗe da sanin wani ciwon zuciya mai kashe yara da mata matasa. Beck da abokan aikinta (1995) sun nuna cewa idan aka sa wa ɓeran da ba shi da seleniyom wani bairos marar lahani, bairos ɗin yakan rikiɗe a jikinsa ya zama mai illa ga zuciya. Da korona ta zo, Zhang da abokan aikinsa (2020) suka kwatanta yankunan Sin, suka ga adadin warkewa ya fi yawa a inda jama'a ke da isasshen seleniyom, kamar birnin Enshi na lardin Hubei. A Jamus kuma Moghaddam da abokan aikinsa (2020) sun bi majinyata 33, suka tarar waɗanda suka rasu seleniyom ɗin jininsu ya gaza na waɗanda suka rayu.

A Nijeriya, inda aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, an gudanar da irin wannan bincike a Jihar Jigawa. Muhammad da abokan aikinsa (2021) sun auna majinyata 50 a cibiyar killace masu cutar, suka kwatanta su da masu lafiya 21. Sun sami bitamin A da C da E da seleniyom da zink a ƙasa ga majinyatan, aisofurostan kuma a sama. Muhimmancin wannan aiki shi ne ya nuna cewa abin da aka gani a asibitocin Turai ya bayyana a jikin mutanen da abincinsu da shekarunsu suka bambanta da na can.

2.5 Matsalar Fassara Sakamakon Awo

Idan aka jera waɗannan bincike-bincike za a ga sun fuskanci alƙibla ɗaya. Amma akwai tambayar da ya wajaba mai nazari ya yi kafin ya yanke hukunci: shin ƙarancin ne ya tsananta ciwon, ko kuwa tsananin ciwon ne ya jawo ƙarancin? Kusan dukkansu jinin mutum aka ɗiba bayan ya riga ya kwanta, ba a san yadda yake ba kafin ya kamu. Wanda ya iske toka da ƙonannen zana a gida ya san an yi gobara, amma tokar ba za ta gaya masa abin da ya tayar da wutar ba.

Matsalar ta fi fitowa fili a zink da seleniyom da bitamin A. An daɗe da sanin cewa duk lokacin da jiki ya shiga kumburi mai tsanani, ko na zazzaɓin cizon sauro ne ko na tiyata ko na ƙunar wuta, hanta takan rage ƙera furotin ɗin da ke ɗaukar waɗannan sinadarai a jini, ta kuma janye zink zuwa cikinta. Daɗin daɗawa ƙananan jijiyoyi sukan yi yoyo, furotin ya fita daga jini zuwa tsoka. Sai awo ya nuna ƙaranci alhali sinadarin wuri kawai ya sauya. Don haka masana abinci mai gina jiki ke ba da shawarar kada a fassara irin wannan awo sai an haɗa shi da awon furotin ɗin CRP, wanda ke nuna zurfin kumburi. Binciken da ya kwatanta masu korona da masu cikakkiyar lafiya ba zai iya raba tasirin korona da tasirin rashin lafiya gaba ɗaya ba. Da an kwatanta su da masu ciwon huhu na wata ƙwayar cuta daban, masu tsanani iri ɗaya, da amsar ta fi inganci.

Su ma kayan awon suna da nasu rauni. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen auna malondayaldihaid, saboda arharta, tana kama wasu sinadarai da ba shi ba, kuma sakamakonta kan canza idan jinin ya daɗe a ajiye. Bitamin C da gulutatayon suna lalacewa a cikin kwalba idan ba a sanyaya jinin an sarrafa shi da wuri ba, wanda kuma ya san halin wutar lantarki a ɗakunan gwajinmu ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Awon da ake kira jimillar ƙarfin kariya kuwa, babban kasonsa daga sinadarin yurik asid yake zuwa, shi kuma yakan hau idan ƙoda ta gaza, sai a ga majinyacin da ke bakin mutuwa da "kariya" mai yawa a takarda. Haka nan kwatanta yankuna da aka yi a Sin bai auna seleniyom ɗin majinyatan kansu ba, tsofaffin alƙaluman yankunan aka ɗauka, kuma birane sun bambanta ta fuskar asibitoci da shekarun jama'a da sauran abubuwa.

2.6 Gwajin Bayar da Sinadaran Kariya a Matsayin Magani

Hanyar da ta fi dacewa a warware wannan tambaya ita ce gwaji: a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu sinadarin, a hana wasu, a ga abin da zai biyo baya. An yi hakan, kuma sakamakon bai zo yadda aka yi fata ba.

A Wuhan an gwada giram 24 na bitamin C ta jijiya kowace rana har kwana 7 a gwajin da ya ƙunshi majinyata 56, bai kuwa rage kwanakin da suka yi a kan na'urar numfashi ba. A Amurka, Thomas da abokan aikinsa (2021) sun raba mutum 214 masu jinya a gida, wasu aka ba su zink, wasu bitamin C, wasu duka biyun, wasu ba a ba su ko ɗaya ba. An dakatar da gwajin kafin lokacinsa domin babu alamar bambanci wajen saurin warkewa. A birnin Sawo Faulo na ƙasar Birazil, de Alencar da abokan aikinsa (2021) sun gwada maganin asetilsistin, wanda jiki ke amfani da shi wajen haɗa gulutatayon, a kan majinyata 135 masu tsanani, shi ma bai rage bukatar na'urar numfashi ba. Mafi girma shi ne haɗin gwiwar gwaje-gwaje biyu, LOVIT-COVID da REMAP-CAP, wanda aka buga a shekarar 2023. Majinyata 2,590 ne suka shiga, ana ba waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa miligiram 50 na bitamin C a kan kowane kilo na nauyinsu, duk bayan awa 6, har tsawon kwana 4. Bitamin ɗin bai taimaka ba, alƙaluman ma sun fi karkata ga cewa ya cutar. Wannan ya yi daidai da gwajin LOVIT na shekarar 2022 a kan masu gubar jini, inda kashi 44.5 cikin ɗari na waɗanda aka ba bitamin C suka rasu ko gaɓoɓinsu suka ci gaba da gazawa, a kan kashi 38.5 na waɗanda ba a ba su ba.

Ba wannan ne karo na farko ba. A shekarar 1994 wani gwaji a ƙasar Finlan a kan maza mashaya taba fiye da 29,000 ya nuna cewa ƙwayar beta-karotin ta ƙara yawan sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari, alhali awon jini ya riga ya nuna cewa masu yawan wannan sinadari a jiki sun fi tsira daga sankarar.

Akwai dalilai da ake kawowa. Lokacin da majinyaci ya isa sashen masu tsananin jinya ɓarnar ta riga ta auku, sinadarin da aka zuba a jijiya kuma ba lallai ne ya isa cikin maitokondiriya inda ake ɓarnar ba. Bitamin C mai yawa, idan ya tarar da ƙarfe a sake, yakan juya ya taimaka wajen haifar da haidiroksil. Sa'annan kamar yadda aka ambata a sashe na 2.1, jiki na bukatar wani kaso na sakakkun sinadarai wajen yaƙi da cuta da aika saƙo. Abin lura shi ne maganin da ya fara rage mutuwa a korona, watau deksametason, wutar kumburin kanta yake ragewa. A gwajin RECOVERY na Ingila a watan Yuni, 2020, miligiram 6 a kullum har kwana 10 ya rage mutuwar masu na'urar numfashi da kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Wannan bayani bai shafi mutumin da abincinsa ya gaza ba. Mai ƙarancin gaske yana bukatar a cike masa gurbi da ƙimar da jiki ke nema, ko yana da korona ko ba shi da ita. Abin da gwaje-gwajen suka kore shi ne ɗura adadi mai yawa da sunan magani.

2.6.1 Wani Haɗari da Ya Shafi Yankinmu

Jajayen ƙwayoyin jini ba su da maitokondiriya, kuma hanya ɗaya tak suke da ita ta samun NADPH ɗin da ke farfaɗo da gulutatayon, watau ta inzayim ɗin G6PD. Ƙarancin wannan inzayim abu ne na gado, ya fi bayyana ga maza, kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma da sauran wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe. Mai irin wannan ƙaranci idan aka ɗura masa bitamin C mai yawa ta jijiya, feroksaid ɗin da zai taso na iya farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, fitsarinsa ya yi baƙi, idonsa ya yi rawaya. Saboda haka ne manyan gwaje-gwajen da aka ambata suka cire duk wanda aka san yana da wannan ƙaranci daga cikin masu shiga. Mafi yawan masu ɗauke da shi a garuruwanmu kuwa ba a taɓa yi musu awon ba.

Haka kuma rarar bitamin C takan koma sinadarin oksalet, wanda ke iya taruwa a ƙoda ya raunata ta, musamman ga wanda ƙodarsa da ma ta fara gazawa. Yana kuma ruɗa wasu ƙananan na'urorin auna suga na ɗigon jinin yatsa, su nuna adadin da ya fi na gaskiya, har ma'aikacin jinya ya yi wa mai ciwon suga allurar insulin alhali sugansa a ƙasa yake.